Ramin da Aka Toshe

A shekarata ta biyu a Croydon na kama haya a saman wani tsohon gida da aka raba biyu, sama da ƙasa. Ƙofata tana kallon titi, ta ƙasa kuwa sai an zagaya ta lungu, don haka ban san wanda ke zaune a ƙarƙashina ba. A wani kantin magani nake aiki a Marylebone. In fita da sassafe, in dawo a gajiye, babu mai ce mini sannu da zuwa.

Gidan nan sanyi gare shi na rashin mutunci. Tagogin duk sun saki, iska na shigowa yadda ta ga dama. Mafi muni shi ne wani rami a kicin, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda aka taɓa cire bututu aka bar wurin a buɗe. Na cusa tsumma, na cusa jarida, duk a banza.

Wata safiya tukunya ta ƙona mini hannu, na saki salati da ƙarfi. Sai na ji murya daga ƙasa, ta cikin ramin.

"Sannu. Sa hannun cikin ruwan sanyi."

Na tsaya cak. Muryar tsohuwa ce, Hausarta irin ta zangon Ghana. Na durƙusa na zare tsumman na gaishe ta.

Tun daga ranar ba na fita sai mun gaisa. In durƙusa a gaban ramin in ce, "Mama, ina kwana?" Ta tambaye ni gajiya, ta tambayi mutanen gida waɗanda ba ta sani ba. Ciwon gwiwa ya hana ta fita, 'yarta kuma tana wani gari mai nisa. Wata rana in bar gida in dawo ba wanda na yi Hausa da shi sai ita.

"Yaushe za ka sauko in gan ka?" Haka take ce mini ko da yake ni mace ce, don a bakinta mace da namiji duk ɗaya ne.

"Ina nan tafe, Mama."

Abin da ya hana ni, ba a rene ni in je gaida babba karon farko hannu rabbana ba. Biskit ɗin kanti kuma na raina shi. Na sa ƙanwata a Kano ta haɗa mini turaren wuta da kilishi, ina jiran wata mata da za ta zo daga can ta taho da su.

Ana cikin haka mai gidan ya aiko da takarda. Doka ta ce dole gidan haya ya riƙa riƙe ɗumi, in ba haka ba ba za a bar shi ya ci gaba da sa 'yan haya ba. Wani Bature ya zo ya auna bango, ya leƙa rufi, ya tambaye ni ta ina iska ke shigowa. Ni kuwa dama a cike nake. Na bi da shi lungu-lungu ina zayyana masa, har ramin na nuna masa da yatsana. Sanyin kawai nake tunani.

Ma'aikata suka zo ina wurin aiki. Cikin kwana uku suka sa tagogi masu gilashi biyu, suka shimfiɗa wani abu mai kauri kamar auduga a rufi da ƙarƙashin daɓe. Ranar da suka gama na dawo na cire rigar sanyi a cikin ɗakina karo na farko, har na yi hamdala. Washegari na durƙusa a kicin na tarar da katako sabo fil, an liƙe gefensa. Na kira, shiru. Na buga ƙafa, shiru.

Ranar ya kamata in zagaya. Amma mai kawo saƙon ta ɗage tafiyarta, ni kuma na kafe sai da tsaraba. Sati uku na ƙara.

Da kayan suka iso na zagaya ta lungun. Ƙofar a buɗe take, ɗakin wayam, wata mata sa'ata tana ɗaure kwalaye. 'Yar tsohuwar ce. Ta ce za a fasa bangon ƙasa saboda danshi, don haka ta mayar da uwar wurinta tun satin da ya wuce.

"Ke ce ta sama? Ai Mama ta ce kin yi moving."

"Ban tashi ba. Ina nan."

"Kullum da safe sai ta kira ki, wajen sati guda. Daga baya ta ce a ƙyale ki, yaran yanzu ba su san sallama ba."

Na miƙa mata ledar, na roƙe ta ta gaya wa Mama yadda aka yi. Ta ce to, tana duba wayarta. Lambar da ta rubuta mini na kira ta sau uku, ba a ɗauka ba.

Har yanzu a gidan nake, kuma da ɗumi, ba ƙarya. Abin da ke cin raina shi ne baiwar Allahn nan ta tafi tana ganin ni marar tarbiyya ce, kuma ko a hanya muka haɗu ba zan gane ta ba.