Ranar da Bai Ce "Na Warke" Ba

Shekarun baya, wata ranar Alhamis da hantsi, ina shagona a Zuru ina yanka yadi, wayata ta yi ƙara. Matar abokina ce. Ba ta ko gaishe ni ba. Ta ce, "Tela, abokinka ya faɗi a tsakar gida da safen nan. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa."

Na ce, "Wane abokin nawa?"

Na san wanda take nufi. Bakina ne kawai ya ƙi yarda. Jiya-jiya mutumin nan ya riƙe ni a kan matakala. Na daɗe a tsaye da almakashi a hannu, na rasa inda zan ajiye shi.

Tare muka tashi da shi, iyayenmu duka tsofaffin sojoji ne. Ni ban yi nisa a boko ba, na kama ɗinki. Shi ya wuce ya karanci gashin ƙashi, wato aikin koya wa jiki motsi bayan karaya ko shanyewar ɓarin jiki. Yana aiki a wani asibiti a nan garin, ana kuma turo masa ɗalibai su yi 'yan watanni suna koyon aiki a hannunsa.

Ni kuwa babur ne ya kayar da ni a hanyar Mahuta, ƙafar dama ta karye, ɗorin bai zauna daidai ba. Gwiwa ta ƙage, na kasa taka keken ɗinki yadda na saba. Da ya ga tafiyata sai ya ce, "Tela, zan gyara maka ƙafar nan, amma kai ma za ka zama littafin yarana." Haka na koma zuwa ɗakin gashi kowace Laraba, da furfurata, da gajeren wando, samari da 'yan mata shida suna kallon gwiwata kamar sun ga sabon yayi.

Ba ya bari su taɓa ni da farko. Sai ya sa in yi tafiya daga ƙofa zuwa taga in dawo, sannan ya juya ya ce musu, "Mi kuka gani?" Tambayarsa ke nan kullum. Yakan sa su juya takalmina su duba inda ya fi cinyewa. Yakan sa su rufe ido su saurari takuna. Bayan haka ne za su auna iya inda gwiwar ke lanƙwasawa, su gwada ƙarfinta, su faɗi motsin da ya dace da ni. Har ni ma na fara jin kaina rabin likita. Ina zaune a shago, duk wanda ya wuce sai na duba ƙugunsa.

Yana da wata al'ada da duk wanda ya koyi aiki a wurinsa ya sani. Ranar Laraba ba ya shigowa da tafiyarsa ta gaskiya. Sai ya ari tafiyar wani mara lafiya. Wata rana ya shigo yana ɗaga gwiwa sama kamar wanda tafin ƙafarsa ya saki. Wata rana ya duƙa yana 'yan gajerun taku, hannu na rawa. Dokar wasan ita ce ba mai taɓa shi, ba mai tambayarsa. Da ido kaɗai za ka faɗi ciwon da kuma ɓangaren da yake. In suka faɗa daidai, sai ya miƙe, ya tafa hannu sau ɗaya, ya ce, "Na warke!" A yi dariya, a shiga aiki.

Larabar nan ta ƙarshe ya ɗan makara. Da ya iso sai ya jingina da ƙofa. Yana jan ƙafar dama, hannun dama a sake, gefen bakinsa ya ɗan sauka. Ya dube mu ya buɗe baki, ya ce, "Mi... mi..." Bai ƙarasa ba.

Mu duka muka ɗauka tambayar kullum ce. Ɗaliban suka hau rige-rigen amsa.

Wani ya ce, "Shanyewar ɓarin jiki ce, Malam, ɓangaren dama."

Wata yarinya mai natsuwa, wadda ta fi su duka kai, ta ce, "Matsalar tana hagun ƙwaƙwalwa, shi ya sa ta taɓa magana. Kuma sabuwa ce, don hannun a sake yake, bai ƙage ba."

Ni kuma daga kan benci na ce, "Malam, ka bar asibitin nan ka shiga fim, a nan kake ɓata basirarka." Aka yi dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Ya ja jiki zuwa kujera ya zauna. Gumi na zuba a goshinsa. Ya yi kusan minti goma yana kallon hannunsa, yana buɗe shi yana rufewa. Mun zaci jira yake wani ya ƙara bayani, don haka suka yi ta ƙarawa. Can sai ya ce a hankali, "Kun gani daidai." Maganarsa ta dawo. Ya ce, "Tela, taso."

Akwai wata matakalar katako a ɗakin, mai hawa biyar, da abin riƙewa a gefe. A ranar ne zan fara hawanta ba sanda. Ya tsaya a bayana ya kama ɗamarar wandona, yana gaya wa ɗaliban cewa a wajen hawa ƙafa mai lafiya ce ke yin gaba, mai ciwo ta biyo. Na lura da hagu ya riƙe ni. Na ce, "Yau kuma bahago ka koma?" Ya yi murmushi kawai. Da na kai hawa na uku sai ya ce, "Ya isa haka. Sauran biyun sai Laraba."

Rabuwarmu ke nan.

A kwana na uku na zaman makoki, yarinyar nan mai natsuwa ta zo gaisuwa. Da za ta tafi sai ta tsaya kusa da ni a ƙofar gida, ta ce, "Baba Tela, ranar nan ka ga Malam ya tafa hannu?"

Na ce ban tuna ba.

Ta ce, "Ka ji ya ce na warke?"

Na sake bin safiyar nan a raina taku bayan taku. Bai tafa ba. Bai faɗa ba. Ba wasa yake yi ba. Mutum shida da aka koya wa gane ciwon nan da ido sun gane shi, sun faɗi sunansa, sun faɗi ɓangarensa, har sun faɗi cewa sabo ne. Ba wanda ya tashi. Daga ɗakin gashi zuwa ofishin likita bai fi taku talatin ba.

Daga baya matarsa ta gaya mini cewa da ya koma gida ranar, da hagu ya ci tuwo. Da ta yi magana sai ya ce gajiya ce. Ya daɗe da hawan jini, ni ban sani ba.

Abin da har yau na kasa ganewa shi ne shirunsa. A gabana ya sha gaya wa yaran nan cewa irin wannan ciwo in ya zo ya saki mutum, gargaɗi ne, a ranar ake ganin likita. Ko kunyar ɗalibansa ya ji, ko da ya ga hannun ya dawo ya ɗauka abin ya wuce, ban sani ba. Ban kuma san abin da ya so faɗa a bakin ƙofa ba. Mu ne muka ƙarasa masa maganar da abin da muka saba ji.

Ban ga laifin yaran ba. Dokarsa suka bi. Ni da ba ɗalibinsa ba ne, ni da na san fuskarsa tun muna yara, ni ya kamata in tashi in ce, "Kai, lafiya kuwa?" Sai na yi masa barkwanci.

Yarinyar nan yanzu ita ma tana koyar da ɗalibai a wani gari. Ta ce mini tana sa su kallon tafiya kamar yadda ya koya mata, amma ta soke dokar hana tambaya. Ni ma a shago, in na ga tafiyar mutum ta canza, na daina nazarinsa daga nesa. Nakan kira shi in tambaye shi.

Ƙafata ta yi sauƙi, ina taka keken ɗinki. An ce in koma ɗakin gashi wani ya ƙarasa mini aikin, nakan ce to. Matakalar nan hawa biyar ce, ya kai ni na uku. Sauran biyun ban hau ba har yau.