Baba Mutari, Mai Sauraron Ƙafar Mota

In ka bi ta Zango da hantsi, ka wuce masu sayar da kayan kabu-kabu, wato baburan haya, za ka ji wata 'yar ƙara kafin ka ga mai ita. Ƙwanƙwasawa ce a hankali, sai shiru, sai a sake. Baba Mutari ke nan ya fara aiki. Da ya sha kokonsa sai ya share rumfa, ya cika baho da ruwa, ya jera takardun gurza daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan ya rataye janti na farko a igiya.

Janti shi ne ƙarfen nan da taya ke zama a kansa. Na motocin yanzu na sanholo ne, ɗan'uwan tukwanen da muke girki da su, kuma ciwonsu ɗaya. Ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Wani farin gari yake fitarwa, fenti ya kumbura ya ɓare, bakin da taya ke kamawa ya yi rami-rami, iska ta riƙa sulalewa ba ƙusa ba ƙaya. Baba Mutari yakan kankare fentin har ƙarfe ya fito tsirara, ya goge, ya cike ramukan, ya sake gogewa da ruwa, kana ya fesa sabo. In ya gama, mai mota kan tsaya yana kallon fuskarsa a ƙafar motarsa.

Amma ba don ƙyallin ake wannan jinjina ba. Masu fesa fenti suna da yawa a Damagaram. Abin da ya bambanta shi, ba ya taɓa fenti sai ya saurari janti. Yanzu idonsa ya fara rauni, bayan Sallah zai bar wa ɗansa Abdulmumin rumfar, shi ya sa ya dace a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnen nan nasa.

Zuliha tana cikin waɗanda suka shaida. Yarinya ce mai 'ya'ya biyu, Munira da ta fara zuwa lakwal, wato makaranta, da Hassan da ke goye. Mijinta Mahamud ɗan kasuwa ne, ya sayi mota ta hannu, yana sonta kamar me. Ya ga yadda Zuliha ke sa tukunya ta yi fes, sai ya riƙa ɗaukar mata soson ƙarfe da sabulun soda yana dirje ƙafafun motar duk Juma'a.

"Baban Munira, ko kanwa ba na bari ta kwana a tukunyar sanholo, balle soda," ta ce masa.

"Ke da tukunya, ni da mota. Kowa ya tsaya a nasa."

Ba a jima ba ƙafafun suka yi furfura. Tayar baya kuma ta fara kwantawa kowace safiya, sai ya biya wajen mai faci an hura kafin ya kai Munira lakwal. Shi munin ne ya dame shi, don ƙanwarsa ta haihu a Zermu, ba ya so ya shiga garinsu ranar suna da mota mai kama da ta yi ƙazuwa. Ita kuwa Zuliha tayar nan ce ta hana ta sukuni. Ta san hanyar, ta san ramukanta, ta kuma san yadda maigidanta ke taka mota in ya ga fili. A daidai kan wannan tayar Munira ke zama, don tana son leƙen taga.

Ranar da zai kai gyara ta ce za ta bi shi, za ta sayi zanen barka a kusa. Da suka isa ba ta wuce kasuwar ba, ta samu benci ta zauna.

Baba Mutari ya shafa ƙafar gaba da yatsa, ya duba farin garin, ya dubi Mahamud.

"Ɗana, wa ke yi wa motar nan wanke-wanke?"

"Ni ne, Baba."

"To, hannunka na da kyau. In an rasa mai wanke tukwanen suna a Zermu, a neme ka."

Zuliha ta ja mayafi ta rufe baki. Mahamud ma ya yi dariya, ya ce, "A dai rufa mini asiri, Baba. A shafe su su yi ƙyalli kafin ranar."

Aka cire tayoyin. Baba Mutari ya rataye janti ɗaya bayan ɗaya yana bugawa da ɗan guntun ƙarfe. Uku suka amsa da ƙara mai tsawo, wadda ke daɗewa a kunne. Na huɗu, na bayan nan, ya amsa gajere ya mutu. Dattijon ya sake bugawa, sannan ya waiwayo wajen benci.

"'Yata, kin taɓa sayen tulu a Mirya?"

"Na taɓa, Baba."

"In kin ƙwanƙwasa ya yi miki wannan muryar, kina ɗauka?"

Ta ce, "Ba na ɗauka. Mai tsaga ne."

"Kai, Baba," in ji Mahamud, "ni ban ga wata tsaga ba. Soda ce kawai ta ci fentin."

"Soda ta ci fenti, gaskiyarka. Wannan kuwa aikin rami ne, ƙila tun kafin motar ta zo hannunka. Sodarka ma ta yi maka rana, da ba ta ɓata su ba da ba ka zo ba."

Ya kankare cikin jantin, ya shafa kananzir, ya bari ya ɗan jiƙa, ya goge tas, sannan ya barbaɗa garin alli. Suna kallo, a hankali wani siririn zare ya fito a cikin farin, mai damshi, daga bakin jantin yana gangarawa ciki. Kananzir ɗin da ya ɓuya a tsagar ne yake fitowa.

Mahamud ya sosa ƙeya. "A yi masa walda mana, a shafe. Zuwa ɗaya ne, in mun dawo na sake."

"Akwai tsagar da ke karɓar walda, ina yi. Wannan ta kai inda nauyi yake zama. In na shafe ta za ta yi kyau, har ni ba zan gane ta ba. Amma rami ɗaya ya ishe ta."

"To, a ba ni abina. Akwai masu yi."

"Naka ne, ba zan riƙe ba. Ni dai hannuna ba zai sa mata kwalliya ba."

Zuliha ba mai yi wa miji musu a gaban mutane ba ce. Ta gyara goyonta, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai da dattijon za su ji.

"Baban Munira, in a kan wannan za a je, ni da yara sai mu bi motar kasuwa, mu haɗu a can. Ba fushi na yi ba. Gefen Munira ne."

Mahamud ya dubi zaren nan da ke cikin alli. Ta san abin da ke cin sa. Samun irin wannan jantin kafin suna da wuya, kuma ya riga ya faɗa wa kowa da motarsa zai zo. Baba Mutari ma ya gane. Ya shiga bayan rumfa ya mirgino wani tsohon janti na baƙin ƙarfe, mummuna, ya rataye, ya buga. Ƙarar ta cika rumfar.

"Ba shi da kyau, amma ba ya ƙarya. Ramukan ƙusoshinsa daidai suke da naka. Je da shi, in ka samu wani ka maido mini."

Haka Mahamud ya shiga Zermu da ƙafa uku kamar azurfa, ɗaya kamar gindin tukunya. Abokan wasansa suka ce motar ta sa takalmi wari da wari, har yau ba su daina ba. Munira ta yi leƙen tagarta zuwa da dawowa, suka sauka a ƙofar gida lafiya.

Jantin mai tsaga bai koma kan wata mota ba. Al'adar Baba Mutari ke nan. Shi ɗan gidan masu zubin tukunya ne, ƙanensa Ɗanƙarami yana kan sana'ar har yanzu. Duk jantin da ya yanke wa hukunci sai ya roƙi mai shi ya bar masa, don ya san in ya fita rumfar wani zai shafe shi ya sayar wa wanda bai sani ba. Sai ya fasa shi da guduma, ya kai wa Ɗanƙarami a narke, a zuba tukunya, a aika wa uwargidan mai motar. Garba, direban da ke jigilar garin Dogo, ya ce matarsa ta samu biyu, har tana tambayarsa yaushe zai sake faɗawa rami. Hajiya Larai, wadda motarta ke ɗaukar yaran unguwa zuwa lakwal, a tata take dafa musu wake ran hutu.

Baba Mutari, kai ne mai kunnen da ba a saye. Kai ne ka yarda mutum ya fita rumfarka yana jin haushinka, in dai zai isa gida. Yawancin waɗanda ka tsare ba su san sunanka ba, don a kujerar baya suke zama, ƙafarsu ba ta ko kai ƙasa. Mu iyayensu mata mun sani. Mun gode. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa hutun ya karɓe ka, Ya ba Abdulmumin kunne irin naka.

Ku kuma masu gyara, na mota da na kabu-kabu, ku yi koyi. Kafin ku rufe abu da fenti ku duba abin da kuke rufewa. Masu mota, in taya tana kwantawa ba dalili, kada ku tsaya ga hurawa, ku kai a cire a duba. Mata, in kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku faɗa da ladabi, amma ku faɗa.

Tukunyar Zuliha ta iso bayan suna, da murfinta. A ciki take dama wa Hassan kunu yanzu. Kuma duk gidan an sani, har maigidan, ba a kusantarta da soda.