Gurbin da Inna Babu Ta Hana Kowa

Kullum ita ke riga kowa zuwa. Ta tuɓe takalmi a ƙarƙashin tebur, ta ɗiga maganin ido, ta jira hawayen su tsaya, sannan ta kunna kwamfuta. Inna Babu muke ce mata, kuma wallahi ta ci sunan.

Muna ƙera wata 'yar na'ura da ke lura da numfashin mara lafiya, ta yi ƙara in ya tsaya. Ƙwaƙwalwarta 'yar mitsitsiya ce. Kafin a haɗa manhajar da za a ɗura mata, sai an yanka wa kowane aiki gurbin da zai riƙa ajiye bayanansa, kuma abin da aka yanka ɗin ke nan. Wannan rabon shi ne aikin Inna, aikin da ba mai gani balle ya gode.

Mai tsara allo zai zo yana murza hannu: "Inna, a ɗan ƙara min mana, hotona na yankewa."

"Babu, ɗana. Rage hoton."

Alhali akwai. Gurbi ɗaya ta ware wa ƙararrawa ita kaɗai, don ko komai ya cushe ta samu wurin motsawa. Kowa ya sa ido a kansa. Shekara da shekaru ana jan ta, taro bayan taro, har muryarta ta dushe.

Wata nas ta taɓa zuwa har ofis ta ba mu labari: allon na'urarsu ya daskare, amma ƙarar ta tashi, suka ruga suka ceto wani tsoho. Mu muka hau tafi. Inna cewa ta yi, "Madalla," ta koma neman abin da ya daskarar da allon.

Inna, ke ce marowaciyar da rowarki ta zama alheri. Kin gaji, mun gani. Idon ya ƙi, har sai 'yarki ta karanta miki saƙon waya, dole kika ajiye aiki. Ranar da maigidanki ya zo kwashe kayanki ya ce, "Ku kun huta, ni zan ci gaba da shan babu." Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba, don ni aka ɗora a kujerarki.

Ɗazu manaja ya tsaya a kaina. Yana son gurbin nan, wai tambarin kamfani ya riƙa juyawa in an kunna. Na gaji tilis, saura kaɗan in ce to. Sai na tuna tsohon nan.

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe." Ya ce zai dawo gobe.

Ashe haka kalmar nan take da nauyi, Inna, kika yi ta ɗaukarta ke kaɗai ba mu taya ki ba? Mun gode, Allah ya ba ki lafiyar ido. Ku kuma abokan aiki, in ya dawo goben, don Allah kada ku bar ni in faɗe ta ni kaɗai.