Harshen Mai Wankin Yumɓu

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, wankin yumɓu ya yi har ya tsufa. Ƙanwarsa takan ce, "Yaya, kowa na wanke laka daga jikinsa, kai kuma lakar kake wankewa?" Shi kuwa sai ya ce, "Ke dai sha ruwanki ki yi shiru, uwar surutu."

Ga yadda aikin yake, kamar yadda ya sha bayyana mini. A masana'antar da yake aiki, ana kawo musu farin yumɓu a buhuna. Su jiƙa shi a ruwan asid cikin manyan bahuna na roba, su ɗauraye, sannan su sake jiƙa shi a ruwan gishiri. Daga nan yumɓun ya koyi musaya: in ruwa mai dalma ya bi ta cikinsa, sai ya riƙe dalmar, ya saki ɗan gishiri a madadinta. Shi ake zubawa a tukwanen tace ruwan sha.

Ɗauraya ce rabonsa. Dole asid ya fita tas kafin a kai ga gishiri, in ba haka ba yumɓun ba zai yi aiki yadda ake so ba. Akwai 'yar takarda mai canza launi da ake ba su don gwaji, amma tsofaffin ma'aikata sun raina ta. Yatsa suke tsomawa a ruwan ɗaurayar su ɗora a harshe. In da sauran tsami, a ci gaba. Nasa harshen ya fi na kowa, har suka sa masa suna Ɗanɗano. Ya fi son sunan nan a kan na yanka.

Haƙoransa ne suka fara sirancewa. Sai wata rana na manta ban sa gishiri a miya ba. 'Yarmu ta yatsine fuska tun a lomar farko. Shi ya cinye, ya suɗe hannu, ya ce, "Yau kam kin yi gwaninta."

Washegari na matsa masa lemon tsami a ruwa. Ya shanye, ko gira bai motsa ba.

Na ce, "Malam, harshen nan fa ya tafi."

"Gajiya ya yi. Zai dawo."

"To ka riƙa gwadawa da takardar."

"Ɗanɗano da takarda a hannu? Gobe su ce mini wa?"

Na sa shi a addu'a, ban ƙara tayar da maganar ba. Ba a daɗe ba, wata rana ya tsoma yatsa a baho, bai ji komai ba, ya ce an gama. Ashe da sauran tsami. Aka jiƙa yumɓun a ruwan gishiri, aka shanya, aka cika tukwane. Allah Ya tsare, a gwajin ƙarshe aka gano dalma na wucewa, ba a kai wa kowa ba. Aka zubar da shi duka.

Injiniyan da ke kula da aikin bai yi masa faɗa ba. Ya dai mayar da shi ɗakin ajiya, yana ɗinke bakin buhuna. Abokan aiki suka daina kiransa Ɗanɗano, wai don kada ya ji ciwo. Suka koma "Baba". Wannan ya fi komai ci masa rai.

Daga nan duk abincin da na ajiye masa, sai ya tambaya a hankali, "Gishiri ya ji?" In ce ya ji, sannan ya yi bisimilla.

Yanzu ni kaɗai nake girki. Nakan ɗanɗana miya a tafin hannu, in ji bakina ya ce, "Ya ji, Malam."