Yadda Hancina Ya Ruɓar da Albasar Mutane

Ni dattijo ne daga wani ƙauye tsakanin Aliero da Jega. Bokona a aji huɗu ya tsaya, amma a sha'anin albasa, a lokacin da nake ba ku labari, kallon shehi ake mini. A wajenmu in an cire albasa ba a rige-rigen sayarwa. A rudu ake jibge ta, wato rumfar kara mai shan iska, sai damina ta zauna, albasa ta yi wuya a Kudu, fatake su zo da manyan motoci suna lallashi. Ni ke shinshina iska in ce a buɗe ko a dakata, kuma har ga Allah na ɗauka hancin nan nawa baiwa ce.

Shekarar da abin ya faru, wani dillali daga kasuwar Jega ya same ni tun da bazara, ya ce in gaya wa mutane su saki kaya. Wai fatakenmu sun samu wata hanya, albasa na shigo musu daga ƙetare a tirela, busassa, zaɓaɓɓa, rani da damina, da waya kawai suke kira. Na yi dariya har hulata ta karkace. Na ce masa albasar baƙi ruwa ce tsagwaronta, ko jariri ba za ta sa hawaye ba. Ƙanin matata, mutumin garin Liba, har ya gama ciniki da wani baƙo, na taka takanas na sa ya fasa. Da albasar nan ya so ya rufe ɗakin iyalinsa da kwano kafin ruwa.

Ruwa ya sauka, munka zuba ido. Ko ƙarar mota na ji sai in fito titi da takalmi ɗaya, in tarar mai yashi ne. Zama ya gagare ni, abinci ba ya shiga. Kullum ina zagaya rudu ina danna albasa da yatsa kamar mai duba maras lafiya, ina ce wa mutane saura kaɗan. Da wari ya fara tashi, uwargida ta ce ga aikin da ya dace da hancina ya samu.

Ran kasuwa na lallaɓa Jega. Ga albasar baƙi nan cikin jajayen buhunan raga, kai ɗaya, kamar 'yan makaranta a layi. Na sayi guda, na koma bayan rumfa na gatsa, don in samu abin faɗa a gida. Jama'a, sai ga hawaye shar. Rabinsu na albasa ne, sauran nawa ne.

Da anka buɗe rudu, wadda ba ta ruɓe ba ta yi tsiro. Ɗakin surukina ya ƙare damina da leda da kwanonin tarar ruwa.

Abin da na koya shi ne kasuwar da na haddace ta tashi ban sani ba. 'Yan'uwana manoma, kafin ku rufe rudu ku je ku ga abin da ke sauka daga mota, kada ku tsaya ga hancin tsoho. Surukin nawa dai har yau yakan zo da ladabi ya tambaye ni ko a sayar. In na ce a dakata, kafin la'asar ya kira mota.