Yarinyar da Ta Ce wa Ayaba Ɓaure

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda na rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne mai tsoron faɗin abin da ban tabbatar ba. Ga kuma yayana, Yaya Sale, wanda muke ɗaki ɗaya a Bin Omran a nan Doha, ya ce mini ƙiri-ƙiri kada na kuskura. Sau da yawa na fara rubutawa a waya ina gogewa. Yau dai na rubuta, kuma ba zan goge ba.

A wani ƙauye na bakin Kwara, ƙasar Yawuri, muka tashi. Kakarmu ta wajen uwa, Iya Kande, sana'arta bandar kifi. Bayan sallar isha'i sai mu kewaye murhun banda, hayaƙi na sa mu hawaye, ita kuma tana juya kifi da hannu kamar wutar ba ta ƙona ta. Yawancin tatsuniyoyinta na kura da dila ne, mu yi ta dariya har wani ya faɗa cikin toka. Amma akwai guda ɗaya da in za ta fara sai ta sauke murya.

"Ku gyara zama," in ji ta. "Wannan ba ta dariya ba ce. Sale, cire hannunka daga kifina, ina ganinka."

Labarin wasu 'yan mata biyu ne, ya da ƙanwa, da mahara suka kama a bakin rafi suna wanki. Yayar aka sayar da ita kusa. Ƙanwar, Lami, aka bi da ita ta kogi har zuwa babban ruwan gishiri, aka tsallaka da ita wata ƙasa da ruwa ya kewaye. A can ubangidanta ba ya ba bayinsa komai sai kifi mai tauri kamar icce, wanda gishiri ya cinye har yana tsaga leɓe, sai kuma ɗanyar ayaba da ba a jira ta nuna ba. Mutane suna ci suna kuka.

Lami ba ta yi kuka ba. Ta jiƙa kifin, ta zubar da ruwan, ta sake jiƙawa har gishirin ya saki. Ta dafa ayabar da ɓawonta, ta ɓare, ta yayyanka. Ta farfasa kifin da yatsa, ta haɗa da barkono da albasa. Da ta sauke sai ta ce, "Ku zo ku ci ɓaure." Domin a ƙofar gidansu na asali akwai itacen ɓaure.

A nan nake katse ta kullum, don tun ina yaro ba na son a kira abu da sunan da ba nasa ba. "Iya, ai ayaba ba ɓaure ba ce."

"Habu sarkin gyara," in ji ta. "Haka shi ma ubangidan nata ya ce."

Ubangidan ya sa aka yi mata bulala, ya ɗaga ayaba a gabanta ya ce ta faɗi sunanta. Ta ce ɓaure. Aka ƙara mata. Ta ce ɓaure. Sauran bayi suka ɗauka, suka bar cewa ayaba. 'Ya'yan ubangidan, da suke satar zuwa cin girkinta, su ma suka ɗauka. Ranar da mutumin ya shiga kasuwa neman ayaba, babu wanda ya gane abin da yake nufi. Ya nuna da yatsa, mai sayarwa ya yi kamar bai gani ba. Sai da ya buɗe baki da kansa ya ce ɓaure, sannan aka miƙa masa.

Iya ba ta rufe wannan tatsuniya yadda ake rufe sauran. In mun ce ta ƙarasa sai ta ce, "Ba ta ƙare ba. Lami ba ta dawo ba tukuna."

Sai da na girma na gane cewa yayar da aka sayar kusa ita ce kakar Iya Kande. Wato mu jikokin baiwa ne. A garinmu kowa ya sani, amma ba a faɗa sai ranar faɗa ko ranar neman aure.

Yanzu ina tuƙa motar ma'aikata ta wani asibiti. Cikin waɗanda nake ɗauka akwai wani dattijo baƙar fata, Mista Felis, mai aikin ɗakin gwajin jini, mutumin wani tsibiri da ake kira Sent Lushiya, can ƙetaren teku wajen Amurka. Wata Juma'a da yamma muka haɗu a Corniche, wurin shan iska na bakin teku, yana zaune yana kallon jiragen katako, da kwanon abinci a cinyarsa. Ya ce na zo mu ci. Na tambaye shi ko da alade a ciki. Ya ce babu. Giya fa? Babu. Man da aka soya fa? Tukunyar fa?

"Malam Habu," ya ce yana dariya, "likita ma bai taɓa yi mini tambayoyi haka ba. Kifi ne da fig."

Na leƙa kwanon. Ɗanyar ayaba ce dafaffa, da farfasasshen kifi mai gishiri, da barkono da albasa. Na ce masa wannan ai ayaba ce. Ya ce haka ne, amma su a can sunan da suke kiranta ke nan. Ya buɗe waya ya nuna mini hoton ainihin ɗan itacen da ke da wannan suna. Ɓaure ne.

Na sake leƙa kwanon. Shi kuwa ya ci gaba da ba ni labari: a zamanin bauta ana kawo wannan kifi daga ƙasashen sanyi don yana da arha kuma ba ya ruɓewa, shi ake ba kakanninsu. Ayaba kuwa tana nan a gonaki. Yau wannan haɗin shi ne abincin ƙasarsu, wanda suke ajiye wa babban baƙo. Sai na ba shi labarin Lami, da ɗan Turancina na direba. Ya ce shi dai abin da ya ji, sunan daga bakin Faransawa ya fito. Dole na rubuta wannan, don kada na zalunci gaskiya. Ban ce Iya ta san tsibirin ba. Ban ce Lami ta isa can ba.

Washegari na nemo kifin da ayabar a wani ɗan shagon Indiyawa, na girka a ɗaki. Yaya Sale ya dawo daga gadi, ya buɗe tukunya, na faɗa masa komai, har da cewa zan rubuta.

"Ka haukace ne?" in ji shi. "Mun baro gida mun zo inda ba a san asalin kowa ba, kai kuma za ka yi shela? Ka manta kana da 'ya mace? Gobe a jefe ta da gori a makaranta."

"Yaya, gorin na wanda ya sayar ne ko na wadda aka sayar?"

"Khalas, ya isa, ba na son wa'azi. Kai da ko kafil, ubangidanka na aiki, ya yi tari sai ka kwana kana tunani, yau ka zama jarumi?"

Gaskiya ya faɗa, ni matsoraci ne. Amma na ga mutumin da ya ɗora abincin bayi a cinyarsa a bainar jama'a yana gayyatar masu wucewa, mu kuwa muna ɓoye kakarmu kamar kayan sata. Yaya bai ci ba a gabana. Da na dawo daga masallaci dai na tarar tukunyar ta yi ƙasa sosai, ban kuma tambaya ba.

Na kira 'yata Zainabu ta bidiyo, na ba ta labarin Lami tun daga rafi, na kuma gaya mata wace ce yayar. Na nuna mata kwanon.

"Baba, ai ayaba ce," in ji ta.

Na ce, "A gidanmu ɓaure ce."

Roƙona ga mai karatu shi ne: in akwai wanda ya taɓa jin wannan tatsuniya, a ƙasar Yawuri ko a wani wuri, ko ya san inda sunan nan ya samo asali a tsibirin, ya sanar da ni, ko da abin zai rushe zatona. Musamman wanda tasa kakar ta faɗi yadda Lami ta ƙare. In ya zo nema, ya tambayi Habu jikan baiwa. Zan amsa.