Warin Taba a Rigar Ɗiyata

Shekarar da fari ya ƙone gonakin mutanenmu na Tawa, ina koyarwa a wata lakwal a unguwar Harobanda, a hayin kogi. Soja ke riƙe da ƙasa, kullum manyan motocinsu na ƙetare gada da buhunan jar dawa ta taimako. Shanun yayana suka mutu kaf, sai ya kwaso mahaifiyarmu da iyalinsa suka sauka gidana. Ɗakuna biyu gare ni. Na bar musu ɗaya, na mai da teburina ɗakin da muke kwana ni da matata da ɗiyarmu 'yar shekara uku.

A nan nake gyaran littattafan 'yan ajina kowace la'asar, ƙofa a rufe saboda hayaniya, sigari a baki. Yarinyar kuwa ba ta sauka daga cinyata. In na busa hayaƙi sai ta miƙa hannu wai za ta kama, mu yi ta dariya.

Ba a jima ba ta fara tari. Wasa kaɗan sai ta tsuguna tana haki, ƙirjinta na ƙara kamar usur. Inna ta ce dawar taimakon ce ba ta karɓe ta ba, ta jiƙa mata sassaƙe. Ni kuwa tarin fuka nake tsoro, don na ga yadda ya kwantar da wasu masu gudun fari, amma ban iya furtawa ba.

Muka ƙetare kogi da ita zuwa asibiti, aka ɗauki hoton ƙirjinta. Kwana uku muna jiran sakamako, abinci ko ɗanɗanonsa ban ji ba. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ɗaga hoton ta duba ta ce, "Ba tarin fuka ba ne."

Na nemi kujera na zauna. Matata sai hamdala take yi.

Likitar ta jawo yarinyar, ta sunsuna rigarta. "Wa ke shan taba a gidan?"

Matata ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ni ne."

"To, Malam, ku biyu ne kuke sha. Kai da sonka, ita ba a tambaye ta ba. Huhunta ƙarami ne, hayaƙin ya sa hanyoyin numfashinta sun kumbura. Zan ba ta magani, amma in ta koma cikin hayaƙin nan, za ku dawo mini."

A hanya matata ta ce a hankali, "Na daɗe ina zargin haka, nauyinka na ji."

Ranar na fitar da teburin ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gida. Ita kuma ta wanke labule da zannuwa, ta shanya katifa a rana. Ban daina taba nan take ba; sai da na yi watanni ina fama, Inna na cusa mini goro duk lokacin da ta ga ina laluben aljihu.

Tarin ya yi ta raguwa. Wata ranar Juma'a na dawo masallaci na iske akuyar maƙwabta ta shigo gida, yara na kora. Ɗiyata ce a gaba, zani a hannu, tana ihu da iya ƙarfinta. Suka zagaye tsakar gida sau uku. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ta tsuguna. Ba ta tsuguna ba, ta bi akuyar har waje.